Kiɗan Buluz: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Daga Wakilinmu

A wani dare cikin shekarar 1903, wani shugaban 'yan badujala mai suna W. C. Handy yana zaune a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, wani ɗan ƙaramin gari cikin Jihar Misisifi ta ƙasar Amurka, yana jiran jirgin da ya yi jinkiri na sa'o'i masu yawa. Gyangyaɗi ya soma ɗibarsa ke nan sai ya ji wani baƙar fata siriri, sanye da tsummoki, yana kaɗa jita a kusa da shi, yana goga wuƙa bisa tsirkiyoyin har sautin ya riƙa fitowa kamar kukan ɗan Adam, yana kuwa maimaita ɗango ɗaya na waƙa har sau uku. Handy, wanda ya yi karatun kiɗa a rubuce, ya ce bai taɓa jin abin al'ajabi kamarsa ba. A 1912 ya buga waƙarsa ta buluz ta farko a takarda, a 1914 ya buga wadda ta yi masa arziki, watau St. Louis Blues, daga baya aka yi masa laƙabi da Uban Buluz, har aka kafa mutum-mutuminsa a birnin Memphis. Shi kuwa mai tsummokin nan, har yau babu mahalukin da ya san ko da sunansa.

Na kawo wannan labari ne domin tarihin buluz kusan duka yana ƙunshe a cikinsa: wani ya sha wuya ya ƙago, wani ya rubuta ya ci riba. Abin da ya sa kuwa na ɗauko maganar shi ne, ya zama yayi a wajen waɗansu masu ilmin zamani daga cikinmu, da zarar an ambaci buluz sai ka ji sun ce ai namu ne, daga nan aka kwashe shi aka kai Amurka. Akwai ƙamshin gaskiya cikin wannan zance, kamar yadda za mu gani nan gaba. Amma ra'ayina shi ne, wanda ya tsaya a kan "namu ne" kaɗai, ya shiga sahun waɗanda suka yi shekara ɗari suna shafe sunan masu abin, ko da kuwa bai yi niyya ba.

ƘASAR DA TA HAIFE SHI

Tsakanin kogin Misisifi da kogin Yazoo akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama mai baƙar ƙasa, ta tashi daga kusa da Memphis ta gangara har Vicksburg, ita ake kira Delta. A 1865 aka soke bauta a tsarin mulkin Amurka, amma 'yantattun bayin nan ba a ba su gona ba, ba a ba su jari ba. Sai aka ɓullo da noman raba amfani. Mai gona zai ba ka fili da bukka da alfadari da garma, ka riƙa cin bashin abinci da sutura a kantinsa, idan kaka ta yi a auna audugar a raba. Shi ke awo, shi ke riƙe da littafin lissafi, shi ke yanka farashi, saboda haka sau da yawa manomi yakan gama shekara da bashin da ya fi wanda ya fara da shi. A 1890 Jihar Misisifi ta yi sabon tsarin mulki wanda ya sa harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu, da haka aka raba kusan dukan baƙar fata da zaɓe. Wanda ya ɗaga murya ana iya rataye shi ba shari'a. Wanda aka kama da laifin zaman banza kuwa yana iya ƙarewa a gandun fursuna na Parchman, inda ake noma a ƙarƙashin bulala.

A cikin wannan hali buluz ya tsiro. Iyayensa na kusa su ne waƙoƙin aiki da ma'aikatan hanyar jirgi da fursunoni ke yi domin daidaita saran gatari da diga, da kuma dogon kiran nan da manomi ke rerawa shi kaɗai a tsakiyar gona, da waƙoƙin ibada na majami'un baƙar fata. Ranar Asabar da dare, bayan an sha rana kwana shida, sai a taru a wata bukka a gefen gona, a soya kifi, mai jita ya zauna a kusurwa, a yi rawa har asuba. Masu riƙon addini daga cikinsu ba su yarda da shi ba sam, kiɗan Shaiɗan suke ce masa, har akwai mawaƙa irin su Son House da suka yi ta kai da kawowa tsakanin wa'azi da jita.

Tsarin waƙar ba shi da wuyar ganewa. Baiti ɗango uku ne: mawaƙi ya faɗi ɗango, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo na uku wanda zai warware ko ya ƙulle maganar. Galibi ana auna baitin da ma'auni 12 na kiɗa, kowane ɗango huɗu, amma muryar ba ta cinye ɗangon duka, takan bar sauran ga jita, watau jitar ita ce 'yan amshi. Abin da ya fi bambanta shi da kiɗan Turawa shi ne lanƙwasa sauti, mawaƙi ya ja murya ko ya tura tsirkiya har sautin ya faɗa tsakanin maɓallai biyu na fiyano, inda rubutun kiɗan Turawa bai tanadi wuri ba. Jigonsa kuwa shi ne rayuwar mutum ɗaya: matar da ta tafi, bashin mai gona, ƙwaron da ya cinye auduga, jirgin ƙasan da zai fitar da shi daga ƙangi. Ba kullum kuka ba ne, akwai habaici da zambo da barkwanci a ciki jingim.

Wanda ake ɗauka jigon mawaƙan Delta na farko shi ne Charley Patton, wanda ya tashi a gandun Dockery. A 1927 kogin Misisifi ya ɓalle ganuwarsa ya raba mutum fiye da 600,000 da muhallinsu, a garin Greenville kuma aka tsare baƙar fata a kan ganuwar ana tilasta musu aikin ceto da bakin bindiga. A 1929 Patton ya sa labarin ambaliyar nan a faifai, yana lissafa garuruwan da ruwa ya ci ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da aka hana su ƙuri'a, aka kuma hana yawancinsu karatu mai zurfi, a bakin mawaƙansu suka ajiye tarihinsu.

SHIN NAMU NE?

To, mu komo kan zancen asali. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Paul Oliver ya buga littafi a 1970 inda ya lura da wani abu: tsohon buluz ba shi da tarin ganguna masu sarƙaƙiyar kiɗa irin na ƙasashen kurmi da bakin teku, waɗanda ake jin gadonsu ƙarara a Kuba da Haiti da Barazil. Abin da ke cikinsa shi ne mawaƙi ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, da jan murya da karkaɗa ta, irin wanda ake samu a ƙasashen sarari na Afirka ta Yamma. A 1999 wani masani ɗan ƙasar Austiriya, Gerhard Kubik, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar kaɗe-kaɗe a Afirka, ya faɗaɗa wannan bincike, ya nuna cewa siffofin buluz na Delta sun fi kama da na yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Ghana da arewacin Nijeriya har arewaci da tsakiyar Kamaru. Wata masaniyar tarihi kuma, Sylviane Diouf, ta kwatanta dogon kiran ma'aikatan ganuwar kogi da yadda ladani ke jan murya, ta danganta shi da bayi Musulmi da aka kai can.

Akwai dalilai na tarihi da ke ƙarfafa wannan. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumar Carolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 ta hana bayi ganguna da ƙaho, domin tsoron kada su riƙa kiran juna da su. Inda aka danne ganga kuwa, mai tsirkiya ne zai sami fili. Banjo, wanda ya riga jita shiga hannun baƙar fata, ƙwarya ce da fata da sanda, ɗan'uwan molo da gurmi da garaya, har Thomas Jefferson, wanda shi kansa ya mallaki bayi, ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. Kazalika yawancin bayin da Faransawa suka kai Luwiziyana a farkon ƙarni na 18 daga yankin kogin Sanagal aka ɗebo su. Duk wanda ya taɓa sauraron Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa yana waƙar karen mota, sa'an nan ya saurari John Lee Hooker shi kaɗai da jitarsa yana buga ƙafa a ƙasa, ba ya bukatar wani shehun malami ya gaya masa akwai dangantaka. Shi ma marigayi Ali Farka Toure na Niafunke a ƙasar Mali ya sha faɗin cewa da ya fara jin faifan Hooker, kiɗan ƙasarsu ya ji.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, kuma tilas a faɗe ta ko ba ta yi daɗi ba. Daga cikin mutum kimanin miliyan 12 da rabi da aka ɗora cikin jiragen bayi, ƙasa da 400,000 ne aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa, kuma daga sassa dabam-dabam suke, har da Kwango da Angola da ƙasar Ibo. Hausawan da aka ƙetarar da su teku, yawancinsu Bahia ta ƙasar Barazil aka kai su, inda suka jagoranci yunƙurin tawaye da dama tsakanin 1807 da 1814. Amurka kuwa ta haramta shigo da bayi tun 1808. Tsakanin wannan shekara da daren Tutwiler akwai kusan shekara ɗari, a cikinsu aka sayar da mutum wajen miliyan ɗaya daga jihohi irin su Virginia zuwa gonakin auduga na kudu, harsuna suka ɓace, zuriya ta cakuɗe. Jitar kanta daga Turai take, jerin sautuka uku da ake ɗora baitin a kansu yana da alaƙa da waƙoƙin majami'a, harshen waƙar kuwa Ingilishi ne. Bugu da ƙari, shi Ali Farka Toure ya saurari faya-fayan Amurka tun yana saurayi, haka ma 'yan baya irin su Tinariwen na Mali da Bombino na Agadas, saboda haka kamannin da ake ji a kiɗansu ruwa ne mai gudu ta fuska biyu.

Abin da na fahimta shi ne, iri ya fito daga nan, ko a ce wani sashe nasa, amma a gonar Misisifi aka shuka shi, da gumin waɗanda suka sha bulala aka yi masa ban ruwa. Muna da ikon mu ce 'yan'uwanmu ne, jini ba ya ɓuya. Ba mu da ikon mu ce kayanmu ne suka ara, domin babu kakan ɗayanmu da ya kwana a Parchman. Kada kuma mu manta, kafin Bature ya ɗora bawa a jirgi, sau da yawa wani ɗan Afirka ne ya kamo shi ya kai bakin teku. Wanda ke da wannan a tarihinsa, kamata ya yi ya shiga maganar da ladabi.

GARDI DA KARƁAR KUƊI

A watan Agusta na 1920 wata mawaƙiya, Mamie Smith, ta yi faifan Crazy Blues a kamfanin OKeh, aka yi ta rububinsa a unguwannin baƙar fata. Nan take kamfanoni suka farga cewa ashe talakan da suka raina yana sayen faifai, sai kowannensu ya buɗe wani jerin faya-fayai na dabam domin baƙar fata kaɗai. Mata ne suka fara cin kasuwar, irin su Ma Rainey da Bessie Smith. Ita Bessie Smith ta yi wa kamfanin Columbia waƙoƙi wajen 160 tun daga 1923, faifanta na farko kaɗai an sayar da ɗaruruwan dubbai, amma yankakken farashi ake biyanta a kan kowace waƙa, ba ta da kaso cikin ciniki. Ta rasu a haɗarin mota kusa da Clarksdale a 1937, kabarinta a wajen birnin Philadelphia ya zauna babu ko alama har 1970, sa'ad da wata mawaƙiya Baturiya, Janis Joplin, da wata mata da ta taɓa yi mata aikin gida tana yarinya suka haɗa kuɗi suka kafa dutse.

Robert Johnson kuwa waƙoƙi 29 kacal ya bari, waɗanda aka ɗauka a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. Ya rasu a 1938 yana da shekara 27, kuma saboda rashin tabbas, a wurare uku aka kafa masa alamar kabari. An yi ta yayata tatsuniyar wai ya sayar da ransa ga Shaiɗan a mararrabar hanya domin ya iya jita, tatsuniyar da ta fi yi wa 'yan kasuwa amfani, domin ta fi saurin sayuwa bisa ga a ce saurayi ne ya zauna ya koya wurin na gaba da shi. A 1990 aka tattara waƙoƙinsa aka sake fitarwa, aka sayar da ɗaruruwan dubbai. Ɗansa, wanda direban motar tsakuwa ne, sai a shekarar 2000 kotun ƙoli ta jihar ta tabbatar masa da gadon, shekara 62 bayan mutuwar uban.

Su ma masu bincike ba su fita da hannu tsarkakakke duka ba. A 1933 John Lomax da ɗansa Alan suka ɗauki muryar Lead Belly a kurkukun Angola ta Luwiziyana domin ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, aiki mai daraja ƙwarai. Amma waƙarsa Goodnight Irene, wadda wata ƙungiyar Turawa ta ci kasuwa da ita a 1950, watanni kaɗan bayan rasuwarsa, da sunan John Lomax aka yi rajistarta tare da nasa. A 1941 Alan Lomax da wani malami baƙar fata na Jami'ar Fisk, John Work, suka sami wani direban tarakta a gandun Stovall suka ɗauki muryarsa, daga baya aka aika masa da dala 20 da faifai biyu. Wannan direba shi ne Muddy Waters. Jin muryarsa a faifai ya ba shi ƙarfin zuciya, a 1943 ya hau jirgi sai Shikago, ya bi sahun baƙar fata kimanin miliyan 6 da suka bar kudu tsakanin 1910 da 1970. A can hayaniyar mashaya ta shanye jitar katako, sai ya koma ta lantarki, aka ƙara ganga da fiyano da hamonika, kamfanin Chess ya riƙa buga faya-fayansa da na Howlin' Wolf da waƙoƙin da Willie Dixon ke rubutawa. Daga wannan tukunya aka ɗebi yawancin abin da duniya ta sani da kiɗan rok.

A 1954 Elvis Presley ya fara fitowa da waƙar That's All Right, wadda Arthur Crudup ya yi tun 1946. Elvis ya zama sarki, Crudup ya koma aikin gona, ya rasu a 1974 cikin talauci yana bin haƙƙinsa, sai bayan ransa magada suka soma ganin wani abu. Big Mama Thornton ita ta fara rera Hound Dog, ta riƙe matsayi na ɗaya a kasuwar baƙar fata a 1953, ta ce dala 500 kaɗai ta taɓa karɓa. Willie Dixon shi ne ya ƙi yarda. A 1977 shi da Muddy Waters suka kai ƙarar kamfanin da ke riƙe da rajistar waƙoƙinsu, a 1985 kuma ya kai ƙarar ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila a kan waƙar Whole Lotta Love ta 1969, wadda aka ɗebo kalmominta daga tasa. A 1987 aka sasanta a wajen kotu, aka sa sunansa. Ya kafa gidauniya mai suna Blues Heaven domin taimaka wa mawaƙa su san haƙƙinsu.

Adalci ya wajabta a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Masu kare kamfanoni suna cewa in ba domin su ba, da muryar Patton da ta Johnson sun bi iska, kuma yankakken farashi shi ne al'adar zamanin, har mawaƙan karkara farar fata haka aka yi musu. Masu kare samarin Ingila kuma suna cewa su ne suka tono dattawan nan a lokacin da matasa baƙar fata suka juya wa buluz baya suka koma sababbin kaɗe-kaɗe. Wannan ma gaskiya ne. Ƙungiyar Rolling Stones daga waƙar Muddy Waters ta samo sunanta, kuma a 1965 su ne suka dage sai an sa Howlin' Wolf a wani shirin talabijin na Amurka. Matasa Turawa ne suka gano Mississippi John Hurt a 1963, da Son House da Skip James a 1964, bayan an yi shekaru ba a jin ɗuriyarsu. Suna ƙarawa da cewa ai mawaƙan buluz su kansu aron ɗango suke yi a tsakaninsu, babu mai cewa an yi masa sata.

Na yarda da duk wannan, amma bai biya bashin ba. Aro tsakanin talaka da talaka a bukkar Asabar, inda kowa ya san mai abin, dabam yake da mutum ya ɗauki ɗangon ya kai ofishin rajista ya rubuta sunansa, ya riƙa karɓar kuɗi shekara hamsin. Kwangilar da aka ƙulla da mutumin da bai iya karanta ta ba, wanda kuma ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali ya ƙaryata farar fata, sunanta kwangila ne kawai. Littafin lissafin kamfanin faifai ɗan'uwan littafin mai gona ne: an rubuta maka mota da riga da kuɗin ɗaukar murya a matsayin bashi, ka yi ta waƙa ba ka fita ba. Wanda ya tono dattijo ya kai shi dandali ya kyauta, Allah ya saka masa. Amma ai ba a cewa wanda aka mayar wa akuya ɗaya daga cikin garkensa an yi masa kyauta.

INDA AKA KWANA

Ba duka ne suka mutu a wulaƙance ba. B. B. King, wanda aka haifa a gandun auduga kusa da Itta Bena a 1925, ya yi wasa sau 342 cikin shekarar 1956 kaɗai, ya zo Kinshasa a 1974 wajen bikin da aka haɗa da damben Muhammad Ali da George Foreman, ya ci lambar Grammy 15, da ya rasu a 2015 aka binne shi a harabar gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Indianola. Majalisar Dattawan Amurka ta ayyana 2003 a matsayin shekarar buluz. A 2022 wani saurayi ɗan Clarksdale, Christone Ingram, wanda aka haifa a 1999, ya ci Grammy, alamar cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jihar Misisifi, wadda ta ƙuntata wa iyayen kiɗan, tun 2006 take kafa alluna a wuraren tarihinsu domin jawo 'yan yawon buɗe ido. Amma a 2025, da aka fitar da fim ɗin Sinners, wanda labarinsa a Clarksdale ta 1932 yake, har dattijo Buddy Guy ya fito a ciki, sai ga shi garin ba shi da gidan silima ko ɗaya mai aiki, sai da mutanen garin suka roƙa aka kai musu suka gani. Yankin Delta har yanzu yana cikin mafi talauci a Amurka.

Akwai kuma wata hasara wadda kuɗi ba ya maidowa. Kamfanin Paramount, wanda ya ɗauki muryar Patton da Son House da Skip James, ya durƙushe a farkon shekarun 1930, yawancin uwayen faya-fayansa suka salwanta, har akwai waƙoƙin da ƙwaya ɗaya tak ta faifansu ta rage a duniya. A 2008 gobara ta ci wani ɗakin ajiya na kamfanin Universal a California, a 2019 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa uwayen faya-fayan Chess suna cikin abin da ya ƙone, ko da yake kamfanin ya musanta yawan hasarar.

Jama'a, in har da gaske muke cewa mutanen nan 'yan'uwanmu ne, to, zumuncin ya wuce bugun ƙirji. Na farko, mu san sunayensu mu riƙa ambatonsu, domin shafe suna shi ne mafarin cin haƙƙi. Na biyu, masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, muryoyinsu suna yawo a wayoyi da intanet, kowa na sha. Ya kamata kowane mai saurare ya tambayi kansa, wa ke karɓar kuɗin, kuma a ina uwayen kaset ɗin suke kwance? Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma doka a takarda ba ta tashi ta je ƙauye wurin mai gurmi. Wajibi ne gidajen rediyo da jami'o'i su juye tsofaffin kaset zuwa na'urorin zamani, su ajiye a wuri fiye da ɗaya, da sunan mawaƙi da na 'yan amshinsa da shekarar ɗauka. Wajibi ne kuma duk kwangilar da za a ƙulla da makaɗi a karanta masa ita cikin harshen da yake ji, a gaban shaidun da ya yarda da su.

Mutumin tashar Tutwiler ya riga ya tafi da sunansa, babu abin da za a iya yi masa yanzu. Amma irinsa suna nan da rai, a Misisifi da kuma a bakin kasuwanninmu, kuma a wannan zamani kowa yana yawo da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Wanda duk ya ɗauki muryar makaɗi, to, ya tambayi sunansa ya rubuta, in abin ya kawo riba ya neme shi ya ba shi rabonsa. Allah ya kyauta.